Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Fagge: A Buɗe Wa Keke Gurbi A Kasafin Kuɗi

Mai girma Shugaba,

Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma zan faɗe ta tun da farko don kada ta nutse cikin dogon bayani. Ina roƙonka, idan ka zo shirya kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ka buɗe wa keke gurbi nasa na kansa. Layi guda nake nufi a cikin kundin kasafi, da sunansa, da adadin kuɗi a gabansa, wanda za a riƙa maimaitawa duk shekara domin gyara hanyoyin da masu keke ke bi da tanadar musu wurin ajiya. Na zaɓi yin maganar a bainar jama'a ne saboda waɗanda ta shafa ba su da ƙungiyar da za ta nemi ganinka a ofis, kuma a lokacin da ake zaman kasafi suna can wurin neman abin sawa a baka.

Ranka ya daɗe, ka san su ko ban lissafa ba. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Katsina bayan sallar asuba zai ga yadda suke kwararowa daga Rijiyar Lemo da Kurna da Bachirawa, sun nufi Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari. Ga yaron tela, ga lebura da shebur ɗaure a kariya, ga malamin Islamiyya, ga mai kai burodi da ya jibga kaya har sun fi shi tsawo, ga mai kawo latas da alayyafo daga lambunan bakin Jakara. A ɗaya hannun titin kuma mai gadi ne da ya kwana a bakin shagon wani yake komawa gida. Kasuwannin da Kano ke tinƙaho da su, waɗanda fatake ke tasowa dominsu daga Nijar da Chadi da Kamaru, da yawansu a ƙasarka suke, kuma wani kaso na hannayen da ke juya su a kan keke yake isowa. Duk da haka, daga gidan mutumin nan har ƙofar kasuwa babu taku ɗaya na hanya da aka yi shi da shi a rai. Yana tafiya ne a ɗan siririn gefen kwalta, rairayi a ƙarƙashin tayarsa, buɗaɗɗiyar kwata a damansa, ɗan sahu a hagunsa yana neman fasinja da ido ɗaya.

Adadinsu ya ƙaru, kuma kowa ya san dalili. Tun a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana goyo a kan babur, acaɓa ta kau, talaka ya koma hannun a-daidaita-sahu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma galibin mutanen da nake magana a kansu ba ma albashi suke ɗauka ba. Magidancin da zai hau ɗan sahu sau biyu kafin ya isa wurin aiki, ya sake hawa sau biyu da yamma, ga kuɗin motar yara zuwa makaranta, ya yi lissafi ya ga cefane ne yake ƙonewa a hanya. Sai ya sauko da tsohon keken da ke rataye a zaure, ya kai wa mai faci, aka canja taya da birki, aka sa wa sarƙa mai. Wasu sun ajiye babur sun yi haka. Babu jami'in da ya yi musu wa'azin motsa jiki ko na kare muhalli. Matsi ne ya ɗora su a kan sirdi, kuma hanyar da suka tarar ba ta san da zuwansu ba.

Akwai wani abu game da kuɗin nan da nake so ka dube shi da idon adalci. Bayan cire tallafin, abin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira, kuma ƙananan hukumomin ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na wannan rabo. Ke nan matakin da ya sa mai babur ya koma keke shi ne ya ƙara nauyin abin da ke zuwa da sunan Fagge. Idan wani ɗan yanki na wannan ƙari ya koma kan hanyar da mutumin yake bi, ba alfarma aka yi masa ba. Haƙƙinsa ne aka mayar masa da kaɗan daga ciki.

Na san amsar da aka saba bayarwa: tituna ba na ƙaramar hukuma ba ne. Rabin gaskiya ce. Titin Katsina da titin Murtala Muhammad da sauran manyan tituna suna hannun tarayya ko jiha, ban musa ba. Amma ina roƙonka ka sa a kawo maka Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsa an ambaci keke da sunansa, tare da baro da amalanke da kwalekwale, a matsayin abubuwan da ƙaramar hukuma ce ke ba su lasisi. A jadawalin nan kuma aka ɗora mata ginawa da kula da tituna da layuka da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, da kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su. Duk abin da mai keke yake nema yana cikin wannan jeri. A dukkan matakan gwamnati uku, ku ne doka ta haɗa da keke kai tsaye.

Dattawa suna tuna zamanin da ake yi wa keke lamba, tun lokacin En'e, mutum ya biya a ɗaura masa ɗan ƙarfe a jikin kekensa, in ba shi da ita a kama shi. Ba wannan nake nema a dawo da shi ba, kuma ina roƙonka kada wani ya karanta wasiƙar nan ya kawo maka shawarar sabuwar hanyar samun kuɗin shiga. Wanda ya gudu daga tsadar mai bai kamata ya tarar da mai rasit yana jiransa a kwana ba. Abin da nake cewa shi ne ikon da ya taɓa ba hukuma damar karɓa daga mai keke, shi ne ya ɗora mata nauyin yi masa aiki.

Game da zuwan kuɗin kuwa, a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta wace ƙofa kuɗin yake shigowa a yau, kai da kansiloli ne kuke rubuta kasafi, ku ne kuke zartar da shi. Abin da ba a rubuta ba, ba mai tambayar inda kuɗinsa ya shiga, don ba a taɓa ware masa ba. Shi ya sa na nace a kan layi mai suna. Idan aka cusa maganar keke a ƙarƙashin "gyaran hanyoyi" gaba ɗaya, ranar da kuɗi ya yi ƙaranci ita za a fara yankewa, kuma ba wanda zai lura.

A ƙasar nan an taɓa gwada tallata keke da baki kawai. A 2001, lokacin yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, marigayi Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Wata rana wata bas ta ture shi ya faɗa rami a gefen titi. Jama'a sun yi ta dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya, kuskuren kawai shi ne an fara da kira kafin hanya. Idan minista, da masu tsaron lafiyarsa, a kan faffaɗan titin Abuja, bai tsira ba, ina ga ɗan shekara goma sha uku da zai ratsa 'Yan Kura da ƙarfe bakwai da rabi na safe? Uwa ba za ta bar ɗanta ya hau keke zuwa makaranta don ta ji sanarwa a rediyo ba. Za ta bar shi ne ranar da ta ga hanyar da zai bi ta kwanta mata a rai.

Gwamnatocin jiha da suka gabata da ta yanzu sun kashe maƙudan kuɗi a kan gadojin sama da na ƙasa, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Dangi zuwa Hotoro. Sun rage cunkoso a wuraren, kuma ba aikinka ba ne, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin lura kawai shi ne duk an zana su ne domin mota ta yi sauri, kuma duk inda mota ta ƙara sauri, mai keke da mai tafiya a ƙasa sun ƙara shiga haɗari. Matakin gwamnatin da ya rage wanda zai iya tunawa da su shi ne naka.

To me kuɗin zai yi? Zan fara da abin da ya fi arha kuma ya fi gaggawa, wato layukan cikin unguwa. Fagge da Sabon Gari suna da wata ni'ima da cikin Birni ba shi da ita: layukansu da yawa a miƙe suke, a jere, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da manyan tituna. Mai keke ba ya son babban titi, dole ce take kai shi. Yana komawa can ne saboda layin ciki ya yanke a wani wuri: kwalbati ya karye, ko kwata ta cinye tsakiyar hanya, ko an jibge yashin gini an manta, ko da damina ruwa ya kwanta har gwiwa. Idan injiniyoyin sashen ayyuka suka zauna da taswira suka zaɓi jerin layuka da za su haɗu su zama hanya ɗaya daga arewacin ƙaramar hukumar har bakin kasuwanni, sannan aka bi ta gaba da gaba ana gyara wuraren da ta yanke, an samu hanyar keke ba tare da an taɓa titin jiha ko an rushe katangar kowa ba. Aikin shi ne rufe kwatoci da silab, cike ramuka, gyara kwalbatoci, kwashe rairayin gefen hanya a kai a kai, da sa fitila mai aiki da hasken rana. Wannan aikin birkila ne da lebura na unguwa, kuɗin ma a unguwar zai tsaya.

Rairayin nan kada a raina shi. Mai mota ba ya ganinsa, amma shi ne yake kwashe tayar gaba ya kayar da mutum, kuma gudunsa ne yake sa mai keke ya karkato tsakiyar titi daidai lokacin da mota take tahowa a bayansa. Haka buɗaɗɗiyar kwata da daddare. Kuɗin shara da na silab ba su da kwarjinin da za a yanka musu kirtani, shi ya sa ba a son sa su a kasafi, alhali su ne ke tsakanin mutum da karaya.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: hanyar ta zama a haɗe daga farko har ƙarshe. Hanyar keke mai kyau da ta ƙare a tsakiyar mahaɗa mai haɗari kamar igiyar guga ce da ta rage kamu ɗaya ta kai ruwa. Duk tsawonta ba ta shayar da kowa. A wuraren da dole hanyar ta tsallaka babban titi, nan ne za ka buƙaci hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA da ma'aikatar ayyuka ta jiha da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, a sa tudun rage gudu da alamar tsallakawa, a tsayar da jami'i da safe da lokacin tashi daga makaranta. Shugaban da ya je musu da taswira a hannu da kuɗinsa a kasafi, ba za a saurare shi kamar wanda ya je da roƙo ba. Haka za ka yi da takwarorinka na Dala da Ungogo da Nassarawa da Birni, domin mai keke bai san inda iyakar ƙaramar hukuma take ba, kuma yawancin masu shigowa Fagge da safe a can suka kwana.

Birnin Seville na ƙasar Sifaniya, wanda malamanmu suka sani da Ishbiliya, ya isa misali a nan. Gari ne shimfiɗaɗɗe kamar Kano, zafinsa da bazara yana haura digiri 40, kuma mutanensa ba su da al'adar keke mai ƙarfi. Daga 2006 majalisar birnin ta gina kusan kilomita 80 na hanyar keke cikin shekara biyu, ta kai 120 zuwa 2010, a kan kuɗin da bai wuce kimanin yuro miliyan 32 ba. Masu hawa keke suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Abu biyu suka yi daidai: sun gina hanyoyin a haɗe a lokaci guda, kuma sun raba su da motoci da shinge na zahiri. Fenti kaɗai ba ya tare ɗan sahu. Duk inda aka ware wa keke gefen titi a Fagge, sai an sa dakali ko turakun kankare, in ba haka ba kafin sati ya zagayo ya zama wurin fakin. Kuma ba sai mun tafi Turai ba. Duk wanda ya je Tamale a arewacin Ghana, ko Wagadugu, ya ga manyan tituna da aka ware wa masu keke da babur gefensu. Garuruwa ne masu rana irin tamu da ƙura irin tamu, kuma aljihun hukumominsu bai fi namu zurfi ba.

Abu na biyu shi ne wurin ajiya, kuma a nan ba ka buƙatar izinin kowa, tunda kasuwa da makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi duk suna da alaƙa da ofishinka. Tsoron sata yana hana mutane hawa keke kusan kamar tsoron mota. Wanda ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi keke, ya jingine shi a jikin turken lantarki ya shiga kasuwa, ya fito bai gan shi ba, da wuya ya sake saye. Filin da mota ɗaya take cinyewa yana ɗaukar keke takwas zuwa goma. Rumfar kwano, da ƙarafan da maƙeranmu za su iya walda a garejinsu, da mai gadi mai ba da lamba, shi ke nan. A ba mai faci gurbi a gefen rumfar, da famfonsa da kwanon ruwansa, ba tare da ana tashinsa kullum ba. Zamansa a wurin ma tsaro ne. Idan za a karɓi wani abu na ajiya, ya zama ɗan kaɗan da zai biya mai gadi, ɗalibai kuwa kyauta.

Makarantu su ne inda zuciyata ta fi karkata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar kada gudun mota ya wuce kilomita 30 a awa a wuraren da motoci ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa da masu keke, domin daga nan zuwa sama damar tsira da rai idan an buge mutum tana raguwa da sauri. Layin da ke gaban kowace firamare da sakandare a Fagge ya cancanci wannan kariya. A ƙasar Holan, wadda yau ake kwatance da ita, abin bai faro daga son wasanni ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito kan titi suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, sannan matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara wa maganarsu ƙarfi, majalisun garuruwa suka fara canja yadda suke kashe kuɗin hanya. Mu ma muna da tsadar man, muna da yaran. Bai kamata mu jira sai mun ƙirga gawarwaki kafin mu yi abin da aka riga aka san yana aiki ba.

Za a ce maka ai mata ba sa hawa keke a Kano, don haka aikin na rabin jama'a ne. Hawan 'ya mace shawarar iyayenta ce, ba ta hukuma ba, ko da yake ya kamata a san cewa a jihar Bihar ta Indiya, inda gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare keke a 2006, bincike ya nuna shigarsu makaranta a kan lokaci ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma ko mace ɗaya ba ta hau ba, layin da aka rufe kwatarsa aka haska shi aka rage gudun motoci a kansa, nata ne kafin na kowa: ita ce take bi da goyo zuwa awo, ita take raka yara makarantar allo da magariba. Na masu baro ne da 'yan ga-ruwa masu tura kura. Na bayin Allah nan ne da shan inna ta taɓa, waɗanda ke tuƙa keken hannu a tsakiyar motoci, kansu bai kai tsayin tagar direba ba. Duk wanda tafiyarsa ba ta da inji, wannan hanya tasa ce.

Za a kuma ce rana tana yi wa mai keke zafi. Maganar gaskiya ce, kuma maganinta tsoho ne: darbejiya. A dasa a gefen hanyar, a ba masu gidajen da ke layin amanar ban ruwa.

Matsalar da ta fi wuya ita ce 'yan kasuwar gefen titi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Duk filin da aka share a kusa da Kwari ko Sabon Gari, washegari za a tarar da tebur a kai. Su ma neman halali suke yi, kuma korar su da bulala ba ta taɓa ɗorewa ba. Hanyar da nake gani ita ce a zauna da shugabannin kasuwa da hakimi da masu unguwanni tun kafin a zuba siminti, a shata wa mai tebur iyakarsa, a shata wa keke tasa, a damƙa wa ƙungiyar layin kula da iyakar. Abin da aka yi da mutane suna karewa. Abin da suka wayi gari suka gani suna ɗaukarsa na gwamnati ne, wato na ba kowa.

Nawa za a ware? A 2015 gwamnatin birnin Nairobi ta amince da manufar ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin hanyoyinta ga masu tafiya a ƙasa da masu keke. Legas ma tana da irin wannan manufa a rubuce. Ni ban nemi ashirin ba. Ina neman kashi 10 cikin 100 na abin da Fagge take warewa domin hanyoyi da magudanan ruwa, a kafe shi na shekara uku a jere, kuma a ware wani ɓangare a cikinsa domin kulawa, saboda silab yana karyewa, fitila tana mutuwa, rairayi yana dawowa. Na san albashi da sauran wajibai suna cinye mafi yawan abin da ke shigowa. Shi ya sa ban ce a nemo sabon kuɗi ba; na ce a sake raba wanda dama za a kashe a kan hanya.

Ina kuma roƙon kada kuɗin ya rikiɗe ya zama rabon kaya. Mun saba ganin taron tallafi a ko'ina cikin ƙasar nan, a jera babura ko kekunan ɗinki a fili, a ɗauki hoto, a raba wa mutum ɗari ko ɗari biyu. Wanda ya samu ya ji daɗi, Allah Ya sa albarka. Amma kuɗin da zai sayi keke ɗari biyu, idan aka zuba shi a kwalbati da silab da rumfar ajiya, dubbai ne za su mora kullum, har da waɗanda ba su san kowa a jam'iyya ba. Idan an ga dama a raba wa ɗalibai keke daga baya, madalla, amma bayan hanya.

Kafin a kashe ko sisi, akwai aikin da kusan kyauta ne: ƙirga. A tura ma'aikata su tsaya a manyan mashigai da safe da yamma na mako guda, su rubuta keke nawa ya wuce, daga ina, zuwa ina. Jami'ar Bayero tana da sashen tsara birane, kuma ɗalibansa suna neman irin wannan aiki domin karatunsu. A tambayi masu faci, domin babu wanda ya fi su sanin kwanar da ake yawan faɗuwa. Gare su ake kai lanƙwasasshen gargare. Da wannan ƙidaya za ka kare kasafin a gaban kansiloli, da ita kuma za a auna bayan shekara ko aikin ya yi amfani. Sannan a liƙa adadin kuɗin da jerin layukan da sunan ɗan kwangila a allon sakatariya, a karanta a rediyo, don mutanen layin su san abin da aka yi musu alkawari su bi sawunsa.

Akwai wani abu da kuɗi kaɗai ba zai gyara ba, amma kasafi yana taimaka masa. A zamanin iyayenmu keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa suna goge Raleigh ɗinsu ranar Juma'a, har kamfanin yana da masana'anta a nan Kano. Yau an mayar da shi alamar gazawa, direba yana yi wa mai keke tsawa kamar ya shigo gidan da ba a gayyace shi ba, saurayi yana jin kunyar a gan shi a kai. Ranar da hukuma ta ware masa hanya da rumfa, ta faɗa wa gari cewa mutumin nan ɗan ƙasa ne mai cikakken haƙƙi a kan titi. Ma'aikacin da yake da halin hawa ɗan sahu ma zai fara lissafin abin da zai rage, kuma duk wanda ya koma keke ya rage wa mai mota cunkoso a 'Yan Kura, ya rage hayaƙin da 'yan kasuwa ke shaƙa tun safe har dare.

Ranka ya daɗe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Ina ba da shawarar ka ɗauki wannan rana a shekarar kasafin a matsayin wa'adin kammala hanya ta farko da rumfar ajiya ta farko, kafin damina ta kankama. Kafin nan, ina roƙon ka sa ranar da za ka saurari masu keke da masu faci da shugabannin kasuwa a sakatariya, a sanar da ita a masallatai da rediyo, kuma a sa ta da yamma bayan la'asar, lokacin da za su iya barin wurin sana'arsu su zo.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mashawarta na gari.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Fagge